Rashin Hangen Nesa Iri Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a kujerun baya na babban ɗakin lacca, a irin ranar nan da ɗaruruwan ɗalibai ke cunkushewa domin darasi guda, lalle ya san wani irin ɗalibi. Shi ne wanda za ka ga ya ƙanƙance idanu, ya miƙa wuya, ya karkata kai dama da hagu, daga bisani ya haƙura da allo ya koma leƙen littafin na kusa da shi, yana kwafe abin da ya tarar, daidai da kuskure baki ɗaya. Malami yana yi masa kallon malalaci, abokai suna yi masa ba'a, shi kansa ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa. Alhali kuwa ƙwaƙwalwar lafiyarta lau; idonsa ne ba ya hangen nesa, maganin abin kuma bai wuce gilasai biyu da za a ɗora masa a kan karan hanci ba. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, ɗalibin nan ya riga ya biya kuɗin inshorar lafiya tare da kuɗin rajista tun farkon shekara. To, me ya hana wannan kuɗi ya kai shi gaban wanda zai auna masa ido? Wannan ita ce tambayar da muke so mu ajiye a gaban 'yan'uwanmu ɗalibai, da yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, da kuma hukumomin da abin ya shafa.

Ba da ka muke wannan magana ba. A zangon karatun da ya shige mun raka wani abokin karatunmu neman tabarau, kuma abin da muka gani a wannan tafiya shi ya sa muka ɗauki alƙalami. Da farko ya je asibitin makaranta, inda aka saurare shi cikin mutunci, aka ba shi maganin ɗigawa, aka ce ya rage karatun dare. Da ya koma bayan mako guda ya ce har yanzu hazo yake gani a allo, sai likita ya rubuta masa takardar turawa zuwa sashen ido na wani babban asibiti. Amma akawu ya ce takardar ba ta aiki sai kamfanin da ke riƙe da inshorar ɗalibai ya aiko da lambar izini. Kwana uku ana buga waya kafin lambar ta iso. A babban asibitin aka yanka masa ranar da zai dawo, ranar kuwa ta faɗa bayan jarrabawa. Sai muka shiga gari muna bin ƙananan asibitocin ido ɗaya bayan ɗaya. Na farko suka ce su ba su san wani kati ba, da kuɗi hannu suke aiki. Na biyu suka ce da can suna karɓa, amma sun daina domin bashinsu ya taru ba a biya ba. Na uku suka ce suna karɓa, sai dai ba na kamfanin da muke ciki ba.

Da abokin namu ya gaji, sai ya nufi kasuwa wurin mai tallar tabarau a tire, ya gwada wannan ya gwada wancan, ya sayi wanda ya fi yi masa kyau a fuska. Kwana biyu ya yi da shi, ciwon kai ya sa ya jefa shi cikin akwati. A ƙarshe karo-karo muka yi, 'yan ɗaki da 'yan aji, muka biya kuɗin awo da na tabarau daga aljihunmu. Awon kansa bai kai rabin sa'a ba. Ranar da ya karɓi tabaran ya sa, sai ya tsaya a bakin titi yana karanta rubutun da ke jikin wata babbar mota can nesa, yana dariya, yana cewa ashe haka sauran mutane suke gani. Shekararsa ashirin da biyu a duniya. Mutanen da sun ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Mu ma a wannan tafiya mun koyi cewa riƙe kati ba samun magani ba ne.

WANE NE LIKITAN AWON IDO?

Kafin mu ci gaba ya kamata mu rarrabe tsakanin mutum uku da jama'a kan haɗa su a kira kowannensu likitan ido, domin rashin rarrabewar nan yana cikin abin da ke ɓatar da mai nema. Akwai likitan ido mai tiyata, wanda ya gama karatun likita sa'an nan ya ƙware a kan ido. Shi ke cire yana, shi ke yin aikin da sai an yanka. Akwai likitan awon ido, wanda ya yi shekara shida a jami'a yana koyon yadda ake auna ƙarfin gani, da rubuta lambar gilashin da ya dace da kowane ido, da gano cututtuka tun suna ƙanana domin ya yi magani ko ya tura gaba. Na uku shi ne mai haɗa tabarau, wanda ke yanka gilashi bisa lambar da aka rubuta ya sa shi cikin firam. Dokar soja mai lamba 34 ta 1989 ce ta kafa hukumar da ke yi wa na biyu da na uku rajista a Nijeriya, kuma wanda ba shi da wannan rajista ba shi da ikon kiran kansa da ɗayan sunayen nan biyu. Wanda mafi yawan ɗalibai ke bukata shi ne na biyun.

Lalurar kanta ba wani abin al'ajabi ba ce. Haske yakan shiga ido, ido ya tattara shi ya sauke a kan wani tantani da ke can ƙuryar ƙwayar, kamar yadda majigi ke sauke hoto a kan farin bango. Idan ƙwayar idon ta ɗan fi ƙima tsawo, hoton abin da ke nesa yakan haɗu tun kafin ya kai ga tantanin, sai mutum ya ga hazo. Wannan shi ne rashin hangen nesa, kuma yakan fara ne tun ana makarantar firamare ko sakandare. Gilashin da ke gyara shi siriri ne a tsakiya, mai kauri a gefe. Akwai kuma wata lalurar dabam da ke zuwa wa duk wanda ya kai shekara arba'in ko ya ɗara, watau ƙaramin rubutu ya gagare shi sai ya nisantar da takarda; gilashin wannan mai kauri ne a tsakiya. Tabaran karatu da ake talla a tire irin na biyun ne, domin iyayenmu aka yi su, ƙarfinsu kuma ɗaya ne a ido biyu. Saurayin da ba ya hango allo in ya sa su ƙara wa kansa hazo ya yi, shi ya sa abokinmu ya kwana da ciwon kai. Likitan awo kuwa yakan zaunar da mutum mita 6 daga allon haruffa, ya gwada kowane ido shi kaɗai. In ya rubuta 6/6, gani ya cika. In ya rubuta 6/18, ma'anarsa abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 18, wannan ido sai ya matso mita 6 yake ganinsa. Ku auna nisan da ke tsakanin kujerar baya da allo a ɗakin laccarku, ku yi wa kanku lissafi.

ABIN DA DOKA TA YI ALKAWARI

An kafa shirin inshorar lafiya na ƙasa da doka mai lamba 35 ta 1999, aka fara aiki da shi a 2005 zamanin Shugaba Obasanjo, aka soma da ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Tsarin irin na adashe ne: a tara kuɗi tun ana lafiya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga cikin abin da aka tara, shi da abokiyar zamansa da 'ya'ya huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Daga baya aka fito da reshen ɗaliban manyan makarantu, wanda ake kira TISHIP, jihohi kuma suka kafa nasu hukumomin taimakekeniyar lafiya, Kano a 2016, Kaduna a 2018. A watan Mayu na 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta soke tsohuwar, ta kafa hukumar NHIA, ta kuma mai da inshorar lafiya tilas a kan kowane ɗan ƙasa. Ido yana cikin alkawarin tun farko. Dokar 1999 ta ambaci duba ido da kula da shi, amma ta bar tabarau a waje. Littafin ƙa'idojin da aka gyara a 2012 ya shigo da tabarau masu sauƙin kuɗi, ya keɓe gilashin nan da ake mannawa a kan ƙwayar ido. Saboda haka ma'aikacin da ya je neman awon ido da katinsa ba bara ya je ba, haƙƙinsa ya je karɓa.

Kada kuma wani ya ɗauka muna kururuwa ne a kan matsalar mutum ɗaya. Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken makanta da raunin gani a duk faɗin Nijeriya, a kan mutanen da suka kai shekara 40 zuwa sama. An tarar kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, watau kimanin mutum miliyan 1.13, kuma kashi 84 cikin ɗari na wannan makanta abu ne da ake iya kauce masa ko a warkar da shi. A Arewa maso Gabas makantar ta kai kashi 6.1, a Kudu maso Yamma kuwa 2.8. Yanar ido ce kan gaba wajen makantarwa, hawan jinin ido na biye da ita. Amma idan aka sauko ga raunin gani matsakaici, irin wanda ba ya sa mutum riƙe sanda amma yana hana shi aiki sosai, fiye da rabinsa rashin tabarau ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ke da raunin gani a duniya, kuma na aƙalla biliyan ɗaya daga cikinsu da an iya hana shi, ko kuwa har yanzu ba a kula da shi ba.

Bugu da ƙari, amfanin zuwa wurin likitan awo bai tsaya ga tabarau ba. Hawan jinin ido, irin wanda ya fi yawa a cikinmu, ba ya ciwo, ba ya sa ido ya yi ja. Gefen gani yake ci a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Binciken nan ya nuna kimanin mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da shi, mafi yawansu ba su sani ba. Hanya mafi sauƙi ta kama shi da wuri ita ce mutum ya zo awon tabarau, a auna masa matsin ido, a leƙa jijiyar gani. Ke nan duk abin da ya toshe hanyar awo ya toshe hanyar rigakafin makanta.

INDA GIZO KE SAƘA

In doka ta ba da dama, bukata kuma ta kai haka, me ya sa hanyar ta yi wuya? Mun ga dalilai huɗu. Na farko shi ne yadda aka gina tsarin. Mai kati yana da asibitin farko inda aka yi masa rajista, wanda ake biya wani abu ƙayyadadde kowane wata a kan kowane kai, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Awon ido kuwa an ajiye shi a mataki na biyu, inda ake biyan kowane aiki dabam, kuma ba a zuwa can sai da takardar turawa da lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, irin waɗanda ake kira HMO. Watau ƙofa uku mutum zai ƙwanƙwasa kafin ya zauna gaban allon haruffa. Wannan tsari yana da ma'ana ga aikin tiyata mai tsada, amma ga awon da bai kai rabin sa'a ba, ya yi kama da ɗauko tabarya domin kashe sauro. Kuma kada mu manta, kowace lamba kamfani ya bayar kuɗi ne za su fita daga hannunsa, saboda haka ba shi da dalilin yin gaggawa in ba a tilasta shi ba. A 2025 hukumar NHIA ta ba da umurni cewa kada lambar izini ta wuce sa'a ɗaya daga lokacin da aka nema. Umurni ne mai kyau, sai dai ɗalibai nawa ne suka san da shi, balle su kafa hujja da shi a gaban akawu?

Dalili na biyu kuɗi ne. Fiye da shekara goma abin da ake biyan asibitin farko a kan kowane kai yana tsaye a naira 750 a wata, har zuwa 2024, farashin ayyukan mataki na biyu ma ya daɗe bai motsa ba. A ɗaya gefen kuwa, gilashi da firam da na'urorin awo galibinsu daga waje ake shigo da su. Da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, sai ya zama mai ƙaramin asibitin ido in ya karɓi kati faɗuwa yake yi, ya kuma jira wata da watanni kafin a biya shi. An ƙara farashin a 2024, aka sake ƙarawa a 2025, amma wanda ya taɓa ƙonewa ba ya saurin komawa gindin murhu. Har ila yau, masu kati ba su da yawan da zai sa a yi rububinsu. A ƙarshen 2024 kimanin mutum miliyan 19 ke cikin inshorar lafiya a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya kuwa daga aljihun marasa lafiya yake fitowa. Mai asibiti ya san in ya sallami mai kati, mai kuɗi hannu yana bayansa a layi.

Dalili na uku shi ne ƙarancin likitocin kansu a wannan yanki namu. A Jami'ar Benin aka fara koyar da wannan fanni a shekarun 1970, ya kuma daɗe makarantunsa suna kudu, a Benin da Uturu da Owerri, kafin Ilorin da Jami'ar Bayero ta Kano su buɗe nasu sassan. Waɗanda suka ƙware ɗin ma a manyan birane suke taruwa, inda ciniki yake. Manyan wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka yi dokar kafa ta a 1979, da asibitin ido na ECWA a Kano, wanda ke aiki tun 1943, suna karɓar jama'a daga jihohi da dama har da ƙasashen maƙwabta. Amma ƙaramin ma'aikacin da aka tura wata ƙaramar hukuma mai nisa, sai ya nemi izinin ofis, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya koma karɓar tabarau wata rana. Kafin ya gama, kuɗin hanya ya cinye rangwamen da kati ya yi masa.

Na huɗu, wanda ya fi sauƙin gyara kuma ya fi ban haushi, shi ne rashin sanarwa. Mun zaga allunan sanarwa na makarantarmu, mun ga na zaɓe, mun ga na wasanni, mun ga na ɓatan katin shaida, ba mu ga takarda ko ɗaya da ta faɗi sunan kamfanin inshorarmu, ko abin da kuɗinmu ya saya mana, ko asibitin idon da za mu je ba. Ko da mutum ya samo jerin asibitocin da hukuma ta amince da su, jerin ba zai gaya masa wanda ya daina karɓar kati tun bara ba. Haƙƙin da mai shi bai san ƙofarsa ba, da shi da babu duk ɗaya ne.

NAMU LAIFIN

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu nawa ne muka taɓa karanta rasidin rajistarmu layi-layi, muka tambayi abin da kowane kuɗi yake nufi? Mun gaji maganar nan ta cewa ciwon ido sai haƙuri, mun riƙe ta kamar ba a ƙirƙiro tabarau ba, alhali tun ƙarshen ƙarni na 13 mutanen Italiya suke sa su. Wasunmu sun yarda cewa tabarau na ƙara kashe ido. Wannan ba gaskiya ba ne. Wanda ya saba da gani tangararan ne kawai ba ya iya jure hazon da da can ya ɗauka shi ne gani. Wasu kunya suke ji kada a ce musu 'yan gayu ko masu ido huɗu, wasu 'yan'uwanmu mata kuma suna tsoron kada a ce suna da aibi. Mafi muni shi ne sayen maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba. Wasu daga cikin magungunan nan suna ɗauke da sinadarin sitiroyid, wanda ke kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, amma in aka daɗe ana ɗigawa yana iya ta da matsin ido ko ya kawo yana. Mu da ake kira masu ilimi, in muka yi haka, me za mu gaya wa ƙannenmu a gida?

MASU CEWA AKWAI ABIN DA YA FI WANNAN

Mun san za a ce mana asusun ƙarami ne, zazzaɓin cizon sauro na kashe yara, mata na mutuwa wurin haihuwa, ina ake ta tabarau? Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi watsi da ita ba. Ko Ingila da ta kafa hukumar lafiyarta a 1948 tana ba da tabarau kyauta, jama'a sun yi ta tururuwa har kuɗin ya fi ƙarfin abin da aka zata, a 1951 aka sa musu kuɗi, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa hukumar, ya ajiye muƙaminsa na minista. Darasin da muka ɗauka a nan biyu ne: tabarau na cin kuɗi, kuma masu bukatarsu sun fi yadda hukuma ke zato yawa, shiru kawai suke yi.

Amma a duba ɗaya gefen. Tabarau guda yakan yi wa mutum shekara biyu ko uku, ba magani ba ne da ake saye kowane wata. A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a gonakin shayi na Assam a ƙasar Indiya, inda masu tsinkar ganyen da aka ba tabaran karatu suka ƙara yawan abin da suke tsinka da kimanin kashi 22 cikin ɗari. A 2014 wani gwajin a ƙauyukan ƙasar Sin ya nuna yaran da aka ba tabarau kyauta sun ƙara maki a lissafi. Gwamnatin da ke kashe kuɗi a kan malamai da gine-gine domin ɗalibin da ba ya ganin allo, ko take biyan albashin akawun da ke rikita 3 da 8, asara take yi ba tattali ba. Daɗin daɗawa, adashe ba ya ɗorewa sai masu zubi sun yarda da shi. Matasa ba su cika kwanciya asibiti ba, su ne ke ɗauke da nauyin asusun. In abu ɗaya da suke bukata ya gagara, da wane baki za a ce su amince da inshora idan sun zama magidanta? A 2021 ƙasashen Hukumar Lafiya ta Duniya, har da tamu, sun amince a ƙara yawan masu samun tabaran da suka dace da su da maki 40 cikin ɗari kafin 2030. A Abuja kuma aka yi alkawarin 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Ba sabon abu muke roƙo ba, cika alkawari muke nema.

ABIN DA MUKE SO A YI

Muna kira ga shugabannin Ƙungiyar Ɗalibai su nemi zama da hukumar jami'a a kan abubuwa huɗu. Na ɗaya, a manna a kowane ɗakin kwana da kowace tsangaya, farkon kowane zango, takarda mai ɗauke da sunan kamfanin inshorarmu da lambar wayarsa, da abin da kuɗinmu ya ƙunsa dangane da ido, da iyakar abin da ake biya na tabarau, da sunayen asibitocin idon da aka tabbatar suna karɓar katinmu a wannan zangon. Na biyu, a sa karatun allon haruffa cikin gwajin lafiyar da ake yi wa sababbin ɗalibai. Allon ba shi da tsada, kowace malamar jinya tana iya amfani da shi, wanda ya gaza kuma a tura shi nan take tun kafin karatu ya yi nisa. Na uku, a samo likitan awo ya riƙa zama a asibitin makaranta ko da kwana biyu ne a mako, ko da daga cikin masu yi wa ƙasa hidima ne. Na huɗu, wakilin ɗalibai ya zauna a teburin da ake zaɓen kamfani, kuma kamfanin da bai iya nuna asibitin ido mai aiki a cikin garin nan ba kada a sabunta masa yarjejeniya.

Ga hukumar NHIA da hukumomin jihohi, roƙonmu shi ne a sauko da awon ido na yau da kullum zuwa mataki na farko, yadda mai kati zai iya zuwa kai tsaye sau ɗaya a shekara biyu ba tare da neman lamba ba, a kuma hukunta kamfanin da ke riƙe wa asibitoci kuɗinsu. Gwamnatocin jihohinmu kuma su ba da tallafin karatu ga masu son wannan fanni, bisa sharaɗin su yi aiki a manyan asibitocin ƙananan hukumomi na wasu shekaru.

Kafin a yi wannan duka, ga shawararmu ga wanda ke ƙanƙance ido a yau. Ka nemi sunan kamfaninka da lambar rajistarka ka rubuta. Ka je asibitinka na farko ka faɗi lalurarka a fili, ka ce nesa ce ba ka gani, ka nemi a tura ka awo. Ka rubuta lokacin da aka nemi lambar izini, in ta wuce sa'a ɗaya ka tuna musu da umurnin 2025. Kafin ka hau mota ka buga waya ka tambayi abu uku: suna karɓar katin kamfaninka, akwai likitan awo ranar, kuma nawa za ka cika a kan tabarau. Bayan awo ka karɓi lambar gilashinka a rubuce, domin da ita za ka iya haɗa tabarau a duk inda ya fi maka sauƙi. In an hana ka haƙƙinka, ka adana rasidi ka kai ƙara a rubuce ofishin hukumar da ke jiharku. Yayyenmu ma'aikata kuma su sani tsarin ya ba su damar sauya asibitin farko. Wanda ke da sashen ido a cikinsa ya rage muku ƙofa ɗaya. A fara tun makon farko na zango, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Rashin hangen nesa iri biyu ne ya haɗu a wannan sha'ani. Na ido, likita yana gyara shi cikin rabin sa'a. Na masu tsara mana al'amura, waɗanda suka karɓi kuɗi suka manta da nuna hanya, wannan sai mun taru mun yi magana da murya ɗaya zai gyaru. Abokinmu yanzu a kujerar baya yake zama da gangan, shi ke karanto wa na kusa da shi abin da malami ya rubuta. Amma ya riga ya sake darasi biyu da ya faɗi a bara, kuma a layin da yake zama mun ƙirga wasu mutum uku da ke ƙanƙance ido. 'Yan takarar da za su zo neman ƙuri'unmu a zaɓen ƙungiya mai zuwa, su zo da amsar tambaya ɗaya: waɗannan ukun, ina za su je da katinsu?